Farantin Inna

Bayan Inna ta fita takabar Baba, a farkon shekarar 2019, muka fara lura ta rage magana. Lafiyarta ƙalau, tana cin abincinta, tana sallarta a tsaye, amma duk lokacin da muka tashi daga Paraku muka je Jugu duba ta, sai mu tarar da ita zaune a bakin ƙofar ɗakinta, gida cike da jikoki da surukai, ita kuwa kamar baƙuwar da ta sauka jiya. Muka ɗauka kewa ce, kuma lalle akwai kewar. Ƙanwarmu, wadda ta fi mu daɗewa a wurinta, ita ta gano abin da ya shige mana duhu. Ta ce mu yi shiru mu saurari tsakar gidan. Muka saurara. Matan gida suna hira da Dendanci, yara suna musu da Faransancin lakwal, mai tallan doya ta leƙo tana ciniki da yaren Yom. Mutumin da Inna take magana da shi da Hausa daga asuba zuwa kwanciya, shekara arba'in da ɗoriya, shi ne aka binne.

Mai karatu na Kano ko Zariya zai iya jin abin banbaraƙwai, domin labarin da ake bayarwa shi ne duk inda aka ce zango, Hausa ce ke mulki. A zangon Kumasi haka abin yake. A arewacin Benin kuwa Dendanci, ɗan'uwan Zabarmanci, shi ya riƙe kasuwa da masallaci tun kafin a haifi kakanninmu, a Jugu da Paraku da Kandi baki ɗaya. Hausa ta shigo ne da ƙafa. A ƙarni na 19 ayarin fatake yakan taso daga Kano ko Katsina da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya bi ta Nikki da Paraku, ya yada zango a Jugu, wadda tsofaffi ke kira Zugu, kafin ya miƙe zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja ya yo goro. Tafiya ce ta watanni, kuma ba duk wanda ya fita ke komawa ba. Wasu rashin lafiya ta tsare su, wasu aure, wasu bashi. Daga cikin waɗanda suka tsaya a unguwar Wangara ta Jugu kakan Baba ya fito. Hausar gidanmu ta riga ta fara sirancewa kafin zamanin Baba, shi ne ya sake ɗebo ta, domin safarar albasa ta kai shi Galmi a Nijar shekara da shekaru, a can wajen Birnin Ƙonni ya auro Inna tana yarinya, ya bi da ita ta Gaya da Malanbil ya kawo ta garin da ba ta jin ko gaisuwarsa. Ta koyi Dendanci daidai na cefane da zaman makoki. Abin da ke ranta kuwa da Hausa take faɗa, kuma Baba take faɗa wa.

Akwai rediyon Baba, wanda a cikinsa muka tashi muna jin Kaduna da London da asuba. Muka saka masa sabon batir muka ajiye mata. Ta ce, "Ku maida shi inda ya bar shi, na Alhaji na." Ba mu sake taɓa shi ba. Akwai kuma tele a falo, amma da eriyar ƙarfe take aiki, tashar ƙasa kaɗai take kamawa, ita ma yawancinta Faransanci. Daga nan ne shawarar parabol ta taso, abin da mutanen Kano ke ce wa dish, Inna kuma daga baya ta raɗa masa suna hwaranti, har muka bi ta muna cewa faranti. Azumi ya kusa, za a fara a makon farko na Mayu, muka ce kafin a ga wata sai an ɗora.

Mu huɗu ne a Paraku, kuma zaman da muka yi a shagon Yaya don mu haɗa kuɗi bai ƙare da wuri ba. Kuɗin ba su ne matsalar ba. Sai a ranar wasunmu suka fahimci cewa faranti alƙibla gare shi. Taurarin ɗan'adam da ke watsa talabijin suna jere ne a sama da layin da ya raba duniya gida biyu, kimanin kilomita 36,000 daga ƙasa, suna kewaya duniya sau ɗaya a kwana ɗaya, daidai da juyawarta, shi ya sa a idon wanda ke ƙasa kowanne yake tsaye cik a wurinsa. Faranti ɗaya da kai ɗaya tauraro ɗaya yake kallo. Paraku tana tsakanin digiri 2 da 3 gabas, digiri 9 arewa da wancan layin, saboda haka duk taurarin suna kudu da mu, wasu sun karkata gabas, wasu yamma. Na Canal+, wanda ya fi kowanne shiga gidajen ƙasashen da ke magana da Faransanci, yana digiri 22 yamma. Na DStv yana digiri 36 gabas, na tashoshin Gana na kyauta yana 28 da ɗan ɗori gabas, Nilesat na Larabawa yana 7 yamma. Wanda ya hau bene a unguwar Zango ta Paraku ya dubi rufin gidaje zai iya faɗin abin da kowane gida ke saurare ba tare da ya shiga ba.

Autanmu ya so na yamma, hujjarsa kuwa ba ta da rauni: hoto tsaf, kamfani ne ke ɗorawa, kayan ma da sauƙi, ga ƙwallon Turai ga yaran gidan. Yaya ya tambaye shi wa zai riƙa biyan kuɗin wata. Ya ce mu. Yaya ya ce mu ɗin nan da ko kuɗin wutar gidan sai an kira mu sau biyu? Kowa ya yi dariya, amma maganar ta zauna. Faranti mai kuɗin wata kamar doki ne, sayensa ba shi ne wahalar ba, harawar ce. Ranar da muka manta, ranar Inna za ta wayi gari da baƙin allo da rubutun Faransanci da ba za ta iya karantawa ba, kuma mun san halinta, ba za ta kira kowa ta ce an yanke ba, sai dai ta koma bakin ƙofa. Muka tsaya a kan na kyauta, wanda ake saye sau ɗaya, a juya shi gabas inda tashoshin Hausa suke a lokacin. Tun 2014 Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye daga Kano ba tare da kuɗin wata ba, ga kuma tashoshin wa'azi irin su Sunnah TV da Manara. Abin da muke nema ke nan.

Sauran Kawu, ƙanin Baba, wanda gidan ya koma hannunsa. Da labari ya kai masa, ya aiko cewa shi ba za a kafa masa tutar shaiɗan a kan rufin da ɗan'uwansa ya yi shekara hamsin yana karatu a ƙarƙashinsa ba. Yaya ya tafi takanas. Ya durƙusa ya ce, "Kawu, abin nan ana iya share duk tashar da ba a so, a kulle sauran da lamba, kuma lambar a hannunka za ta zauna." Kawu ya yi shiru ya ce, "To, don uwarku." Har yau lambar tana rubuce a bayan Ƙur'aninsa, bai taɓa danna ta ba.

Ranar Asabar muka shiga kasuwar Arzeke, wadda kunnen Bahaushe ba ya jin komai a sunanta sai arziki. Paraku gari ne na sauke kaya tun asali. A nan layin dogo daga Kwatano ya tsaya tun 1936, daga nan manyan motoci suka riƙa ɗaukar kayan Nijar, kuma ta Nikki hanya ta buɗe zuwa Najeriya. Don haka faranti iri biyu ke zuwa mana: wanda ya sauka ta tashar jiragen ruwan Kwatano, da wanda ya biyo ta kasuwar Alaba ta Legas. Kusan duka daga Sin aka ƙero su, sunayen da ke jikinsu kuwa fenti ne, kowa na iya bugawa. A shagunan da ke kewaye da kasuwar an jingine su a bango jeri-jeri, ƙanana masu faɗin santimita 60, matsakaita masu 90, da ɗaiɗaikun manya irin na da, waɗanda tsayinsu ya fi mutum, da a shekarun 1990 sai gidan babban Alhaji ko otal ake ganinsu.

A nan muka yi kuskuren da ya sa muke wannan rubutu. Mai shagon farko, dattijo ne, ya tambaye mu ina za a kai shi. Muka ce Jugu. Ya ce mu ɗauki na 90. Muka dubi juna, muka ɗauka dabarar ɗan kasuwa ce. Muka wuce shago na uku, inda wani saurayi mai zaƙin baki ya rantse mana cewa na 60 yana kama komai, har ya kunna tele ya nuna mana da wanda ke kan rufin shagonsa. Gaskiya ya faɗa, a ranar da sama take wasai yana kamawa. Bai faɗa mana sauran ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ya haɗa mana da kai da waya da dikoda, duka mafi araha, muka fito muna murna mun rage kuɗi. Abin da muka rage bai kai kuɗin motar mutum biyu zuwa Jugu da dawowa ba.

Daga Paraku zuwa Jugu kilomita 130 ne da 'yan kai. Aka ɗaure farantin a saman mota tare da buhunan gari da wani keke, direba ya ja igiya da ƙarfinsa. Daga baya muka san cewa tun a nan aka fara cutar da shi. Siffar farantin ita ce dukan aikinsa: lanƙwasar nan tana tattara siginar da ta faɗo a kansa ta mayar da ita wuri ɗaya, daidai inda kan yake zaune a ƙarshen sandarsa. In bakinsa ya lotsa ko da kaɗan ne, sai siginar ta watse, ido kuwa ba ya gani.

Mai haɗawa ya zo da la'asar, da tsani da wata ƙaramar tele da yaronsa ya riƙe a tsakar gida. Ya daɗe yana kallon sama kafin ya zaɓi wuri, saboda mangwaron da Baba ya shuka a kudu da ɗakin Inna shekarar da aka haifi Yaya. Ganye yana tare sigina kamar yadda bango ke tarewa. Ya sami kusurwar da rassa ba su kai ba, ya kafa. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya taurarin suna can ƙoli a kanmu, shi ya sa farantanmu suke kishingiɗe suna kallon sama, ba kamar na Turai da ake gani a hoto a miƙe suna duban bakin gari ba. Yana juyawa a hankali, yaron yana kiran lamba daga ƙasa, talatin, arba'in, ta faɗi, koma, hamsin. Unguwa ta taru. Inna ba ta tashi daga tabarmarta ba. Sai kawai hoto ya tsaya, wata mata da ɗankwali ta yi sallama da masu kallo da Hausa garau.

Inna ta amsa sallamar, da ƙarfi, kamar an yi mata ita a ƙofar gida. Ta matso. Ta saurara na ɗan lokaci ta ce, "Mutanen ina na?" Muka ce Kano. Ta ce, "Ai da ji. Kanawa na, ba su jiran magana ta huce." Ƙanwarmu ta shige ɗaki, muka ji tana fyace hanci.

Kwana goman farko na azumi sun yi daɗi. Makka tana gabanmu da awa biyu, saboda haka lokacin da ake shimfiɗa tabarmar buɗa baki a Jugu, a Harami an shiga sallar dare, Inna tana riƙe da dabinonta tana kallon sahu. Da rana tafsiri, da dare Daɗin Kowa. Wasu tsofaffin mata biyu, ɗaya Bagobira ɗaya 'yar Dogon Dutsi, waɗanda aure ya kawo Jugu kamar yadda ya kawo Inna, kuma muka yi shekaru muna gaishe su da Dendanci ba mu san Hausawa ba ne, suka fara zuwa bayan isha'i. Kallon rabi ne, rabi kuma hira. Kawu ma yakan shigo lokacin tafsiri, ya zauna ya ba tele gefensa, wai iska yake sha.

Sai hadarin farkon damina ya taso, irin mai iska da ƙura a gaba. Tun kafin ɗigo ya sauka hoto ya fara kakkaryewa, fuskoki suka zama ƙananan murabba'ai, murya ta riƙa sarƙewa, sannan allo ya yi baƙi. Wannan ba laifin kowa ba ne. Ƙananan farantai suna aiki ne da zangon sigina da ake kira Ku, wajen gigahaz 11 zuwa 12, kuma ruwan sama yana shanye shi, duk mai faranti ya san in hadari ya yi kauri sai haƙuri. Amma ruwa ya ɗauke, gari ya waye, hoto bai dawo ba. Iska ta murɗe farantin, sandar da ke riƙe da kai ta karkace, ƙarfen kuwa da aka sauko da shi sai muka ga bai fi gwangwanin madara kauri ba. Inna ba ta kira mu ba, kamar yadda muka yi zato. Kwana biyar tana zaune da baƙin allo a tsakiyar azumi kafin ɗaya daga cikin jikokin ya faɗa mana a waya. Da Yaya ya tambaye ta don me ba ta faɗa ba, ta ce, "Kun yi ƙoƙarinku, ɗiyana. In ce muku mi?"

Muka koma wurin dattijon farko da kunya. Bai ce ai na faɗa muku ba, ya dai ce araha ba ta ado, ya ja mana benci. Abin da ya koya mana a rabin awa shi ne abin da ya kamata mu tambaya tun farko, kuma muna rubuta shi ne don wanda zai saya wa tasa uwar. Faranti mai 90 ba da rabi ya fi mai 60 ba, domin fili ake aunawa, kuma filinsa ya ninka na ƙaramin sau biyu da kwata. Wannan rarar ita ce ke riƙe hoto in sama ta yi duhu. Kowane tauraro kuma akwai yankin da ya fi haskawa, kamar fitilar hannu, tsakiya da ƙarfi, gefe da rauni, saboda haka abin da ƙaramin faranti ya kama a wani gari ba lalle ne ya kama a wani ba. Amma babba ya fi karɓar iska, kuma ya fi tsantseni wajen saiti, don haka sai an kafa shi a bango ko a sandar da aka binne da siminti, kada a ɗaure shi a katakon rufi. Ya ce mu danna bakin faranti da yatsa, in ya lotsa mu ajiye. Mu kifa shi a kan daɓe, in gefensa bai zauna daidai ko'ina ba, ya riga ya karkace. Ya ɗauko maganaɗisu ya kara a zaren tsakiyar waya iri biyu, ɗaya ya manne, ɗaya bai manne ba: wanda ya manne ƙarfe ne aka shafa wa jan gaci, in ruwa ya shige shi sai tsatsa. Dikoda ita ke aika wa kan wuta ta cikin wannan wayar, saboda haka mahaɗin da ke waje sai an naɗe shi da kyau. Game da dikodar kuma, ya ce mu tabbata sabuwar ƙira ce mai karanta MPEG-4, domin tsofaffin suna nan birjik a kasuwa da araha, tashoshi kuwa suna ta komawa sabon tsari, sai mutum ya ji murya babu hoto, ko ya rasa tashar ɗungurungum. Na ƙarshe, ya ce in mai haɗawa yana aiki mu duba layi biyun da ke kan allo. Na sama, na ƙarfi, ko bango aka nuna wa farantin zai iya cika. Na ƙasa, na inganci, shi ne gaskiya, kada mu biya sai ya haura sosai.

Wannan karon a cikin mota muka sa shi, muka biya masa kujera biyu, direba yana ta mita. Aka haƙa rami aka zuba siminti. Kafin goman ƙarshe hoto ya dawo. Ba za mu rubuta lambobin tashoshi a nan ba, domin suna canzawa, tasha takan yi ƙaura daga lamba zuwa lamba, wani lokaci daga tauraro zuwa tauraro, kuma duk wanda ya ɗora wa tsoho faranti ya ajiye lambar wayar mai haɗawa na garin, ya yi zumunci da shi. Namu yanzu yana cikin waɗanda ake aika wa naman layya.

Rigima ta gaba daga cikin gida ta fito. A watan Yulin shekarar, a gasar cin kofin Afirka da aka yi a Masar, Benin ta fitar da Maroko da bugun fenareti ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, ƙasa ta ɗauki zafi. Samarin gidan suka ji labarin wani tauraro da ke nuna wasa, suka jira Inna ta yi barci, suka kwance ƙusoshin suka juya farantin da fitilar waya. Ba su sami ƙwallon ba, suka kuma rasa inda yake da. Motsin da bai kai faɗin yatsa ba a ƙasa, a can sama ɗaruruwan kilomita ne. Da safe Inna ta kunna ta ga baƙi, ta dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ta ce wanda ya taɓa hwaranti shi zai biya mai gyara daga aljihunsa, kuma duk mai son ƙwallo ga gidan kallo can bakin tasha. Rabon da a ji ta ɗaga murya tun Baba na da rai. Muka ji labari a Paraku muka yi hamdala. Daga baya samarin suka yi karo-karo suka sayi nasu, mai kuɗin wata, suka kafa a ɗaya gefen. Yanzu gidanmu na Jugu faranti biyu gare shi, sun ba juna baya, na gabas yana aiki kullum, na yamma kuwa yakan farka ne in an shiga kakar wasa ko wani ya samu kuɗi.

Abin da ba mu yi tsammani ba shi ne abin da farantin ya yi wa yara. Mun sayo shi ne don kunnen Inna, sai ga shi ƙananan jikoki, waɗanda ko "ina kwana" sai an matsa musu, sun fara zama a gefenta suna bin wasan kwaikwayo. Cikin shekara biyu suka fara mayar da magana da Hausa. Mun yi murna, har yanzu muna yi. Amma Hausar da suka ɗauka ta Kano ce, ta birni, da salonta da ƙwalisarta, ba ta kakarsu ba. Inna ta ce tahi, su ce tafi. Ta ce shina zuwa, su ce yana zuwa. Ta kira mussa, su ce sunanta kyanwa. Ta ce wanga, su kwashe da dariya. Ranar da wata 'yar shekara bakwai ta ce mata, "Inna, ke ba ki iya Hausa ba, ba haka ake faɗa a tele ba," ƙanwarmu ta ɗaga hannu za ta make ta, Inna ta hana. Ta ce, "Bar ta. Da wane baki ta hwaɗa mini?" Ta fi son a gyara mata magana da Hausa da a girmama ta da Dendanci.

Mu dai abin ya tsaya mana a rai. Hausar Ƙonni da Inna ta zo da ita, da kalmominta na daka da saƙa da rainon yara, babu tashar da ke watsa ta, kuma ba mu ga alamar za ta wuce Inna a gidanmu ba. Ta zango ma, wadda ta sha Dendanci da Faransanci, mai lissafin kuɗi da dala da jika, mai cewa lakwal da tele da parabol, yaran sun fara jin kunyarta a gaban baƙi daga Najeriya. Muna ganin masu shirya shirye-shirye a Kano ba su san iyakar inda muryarsu ke sauka ba. Da sun sani, da wata rana sun sa tsohuwar Gobir ko ɗan zangon Paraku a cikin wasa ba don a yi masa dariya ba. Wannan ƙorafi ne na wanda aka yi wa alheri, mun sani, amma ƙorafi ne. Ƙanwarmu ta fara ɗaukar muryar Inna a waya in tana hira da ƙawayenta biyun nan, ba tare da ta sani ba, don in ta sani sai ta koma Kananci.

A hutun da ya wuce muka je muka tarar hoto ya fara yankewa ko babu hadari. Aka kira mai haɗawa. Ya hau ya duba kai, ya duba waya, ya sauko ya nuna mana sama. Mangwaron Baba ne ya yi reshe, ya miƙo daidai gaban farantin. Ya ce aikin minti goma ne da adda, ko kuwa a fasa siminti a sake haƙa rami a bayan ɗakin girki, a ƙara waya, a sake saiti daga farko, yini guda da kuɗi ninki huɗu. Yaya ya riga ya aika a aro adda. Inna ta fito daga ɗaki da carbi a hannu, ta dubi reshen, ta dubi farantin, ta ce, "Ku gusa da hwarantin." Autanmu ya fara lissafa mata kuɗin siminti, Yaya ya taka masa ƙafa. Washegari da sassafe aka fara haƙa a bayan ɗakin girki.